Me ya sa saƙo ke isa ko da gidan kwamfuta ya ƙone?

Duk hoton da ɗan'uwa ya aiko daga Abijan ko Agadas, da kuɗin da ke shigowa ta salula, sai sun bi ta wasu manyan kwamfutoci da ake kira uwar garke. Ana jera su dubbai a gini guda mai sanyi, suna aiki dare da rana. To, gini kuwa yana iya ƙonewa.

Haka ta faru ranar 10 ga Maris 2021 a Strasbourg ta Faransa. Gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen kamfanin OVH ƙurmus, ta taɓa na kusa da shi, shafukan intanet sama da miliyan 3 suka ɗauke. Wasu daga cikin waɗanda ajiyarsu ta biyu ke cikin harabar nan sun yi asarar komai, tamkar manomin da ya kafa rumbunansa duka gefen murhu ɗaya.

Dabarar da masana ke kira GSLB an yi ta ne don irin wannan rana. Ma'anarta rabon lodi tsakanin uwayen garke da ke garuruwa ko ƙasashe daban-daban. Mu a nan gidan rediyo mun fi kwatanta ta da ɗan kamasho a tasha: ya san motar da ta cika, ya san wadda ta mutu, fasinja na zuwa sai ya nuna masa mai tashi.

Ga yadda abin yake. In kun buga sunan shafi, wayarku na tambayar wani kundin adireshi mai suna DNS lambar gidan. A nan ɗan kamashon yake zaune. Kowane ƴan daƙiƙu yana ƙwanƙwasa ƙofar kowace cibiya ya ji ko tana amsawa. Wadda ta yi shiru sau da dama a jere, sai ya daina ba da lambarta, ya tura jama'a wata. In duka lafiya lau suke, yakan zaɓa muku mafi kusa ko mai ƙarancin cunkoso. Wasu kamfanoni cibiyoyinsu duka ke aiki tare, wasu kuma ɗaya ke jiran ko-ta-kwana.

Sauyin ba nan take yake ba, don wayoyi na riƙe tsohuwar lamba na ɗan lokaci kafin su sake tambaya. Shi ya sa wani lokaci shafi ke buɗe wa maƙwabci, ku kuwa shiru. Kuma dole a riƙa kwafe bayanai zuwa cibiya ta biyu tun kafin masifa; tura mutane gidan da babu kaya aikin banza ne, kuma a ganinmu nan ne masu ƙaramin ƙarfi ke yawan tsuke hannu, saboda tsada.

Akwai inda dabarar ba ta kai. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp sun ɗauke wajen awa 6, saboda kuskuren saiti ya sa an kasa isa ga kundin adireshin kansa. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin ƙarƙashin teku 4 suka katse a gabar Afirka ta Yamma. Nijar ba ta da teku, ta ƙasashen maƙwabta take samun layi, don haka mu ma mun ji a jikinmu. A ranar cibiyoyin suna nan garau, hanyar zuwa gare su ce ta yanke, sai da kamfanonin sadarwa suka karkata zirga-zirga ta wasu wayoyin.