Wasiƙa daga Shisha: Hoton Allo, Na Wane Ne?

  

Tun da na fara aiko muku da hotunan allunan da hukuma ke kafawa a wuraren tarihi, mutum biyu sun tambaye ni ko za su iya buga su, ɗaya a kalanda ta sayarwa, ɗaya a ɗan littafin bita na maniyyata. Amsar tana da ɗan tsawo, don haka na ga gara in rubuta ta a nan kowa ya amfana. Amma sai mun ɗan koma baya tukuna.

Kafa alama a bakin hanya tsohon aikin hukuma ne a Makka. Malaman tarihi sun ruwaito cewa a shekarar da aka buɗe Makka, Manzon Allah (SAW) ya sa Tamim bin Asad ya sabunta duwatsun da ke nuna iyakar Harami, Sayyidina Umar ma ya sake sabunta su a zamaninsa. A shekara ta 134 bayan Hijira, Halifa Saffah ya sa aka jera duwatsu masu nuna nisan tafiya daga Kufa zuwa Makka, hanyar da daga baya aka sani da sunan Zubaida. Nan kusa da mu kuwa, dab da wurin jifa, akwai Masallacin Bai'a, inda ake cewa mutanen Madina suka yi mubaya'ar Aƙaba. Halifa Mansur ya gina shi a 144 bayan Hijira, wajen 761 Miladiyya, kuma rubutun dutsen da ke shaida hakan yana jikin bangonsa. Irin wannan rubutu ba shi da mai haƙƙi a yau. Ya haura shekara 1,200, alhali kariyar da dokoki ke bai wa marubuci ba ta wuce wasu shekaru bayan rasuwarsa. Wanda ya je ya ɗauki hotonsa, hoton nasa ne.

To, a nan ne labarin da ya fi taɓa ni yake. Wanda ya fara ɗaukar hoton wurare masu tsarki shi ne Muhammad Sadiƙ Bey, injiniyan sojan Masar: Madina a 1861, Makka a 1880. Bayansa sai wani likita ɗan Makka, Sayyid Abdulgaffar. A 1885 wani Bature ɗan ƙasar Holan mai suna Snouck Hurgronje ya zauna a Makka na wasu watanni, suka yi aiki tare. Da Baturen ya koma gida, likitan ya ci gaba da ɗaukar hotunan Harami da Mina da Arfa yana aika masa. A 1889 aka buga su a littafi a Turai, sunan Bature a bango, sa hannun da likitan ya yi da Larabci kuma aka goge shi daga hotunan. An kusa shekara ɗari kafin masu bincike su gano ragowar rubutun su mayar wa mai shi da abinsa. Kun ga ke nan, a tarihin hoton Makka, cin haƙƙin farko da aka yi shi ne ɓoye sunan wanda ya ɗauka.

Su kuma waɗannan hotuna ba ƙaramin abu ba ne, domin garin nan yana sauyawa da sauri. Ganuwar Ajyad ta zamanin Daular Usmaniyya, wadda ke kan dutse tana kallon Harami, an rushe ta a 2002, a nan aka gina dogayen benayen nan masu agogo. Yau sai a hoto ake ganinta. Shi ya sa nake ganin ɗaukar hoton allo da wuri aiki ne mai amfani, ba shirme ba.

Yanzu mu zo ga allunan zamani. Saudiyya ta yi dokar haƙƙin mallaka a 1989, ta sauya ta da wata a 2003, ta kuma shiga yarjejeniyar Berne ta duniya a 2004. Dokar 2003 ta fitar da dokoki da hukunce-hukuncen kotu da takardun hukuma daga cikin abubuwan da ake karewa, amma ba ta ambaci allon bakin hanya da suna ba. Ta bai wa hoto kariyar shekara 25 daga bugunsa, ta kuma yarda a kwafi abu don amfanin kai, ko don koyarwa in an ambaci inda aka samo. Sai mu lura cewa allon yau ba rubutu kaɗai ba ne. Wanda ya je wurin baje kolin tarihi na Hira da aka buɗe a gindin Jabalun Nur a 2023 zai ga alluna masu taswira da zane da hotuna, kowanne akwai wanda ya yi shi. Shi tarihin kansa, wato wane ne ya gina, a wace shekara, ba mallakar kowa ba ne, kowa na iya sake rubuta shi da kalmominsa. Zanen da jerin kalmomin su ne ke da mai su.

Akwai masu cewa ai abin gwamnati na kowa ne. Wannan magana daga Amurka ta samo asali, inda aikin da ma'aikacin gwamnatin tarayya ya yi a bakin aikinsa ba shi da haƙƙin mallaka. Amma ko a can, allunan tarihi na bakin hanya da yawa jihohi ne ke kafa su, kamar jihar Bajiniya da ta fara a 1927, kuma wancan sassauci bai shafi jihohi ba. A gida Nijeriya kuwa, doka ta bai wa aikin gwamnati kariyar shekara 50. Wato allon da hukuma ta kafa a wata ƙofar Kano ko ta Katsina shi ma yana da mai shi.

Wani abin da ya fi wannan saurin jefa baƙo cikin matsala shi ne mutanen da ke cikin hoton. Sai a 2006 aka sassauta haramcin ɗaukar hoto a bainar jama'a a ƙasar nan. Dokar laifuffukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya ko tarar da ta kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya, sannan ƙa'idojin 2019 suka sa tara a kan ɗaukar hoton mutum ba da izininsa ba. Allo ba zai kai ƙararka ba, amma matar da ke tsaye kusa da shi za ta iya.

Don haka ga shawarata. Hotunan da nake aikowa, ku tura wa wanda kuke so, na yafe, sai dai ku bar sunan wurin da shekarar da sunan wanda ya ɗauka a ƙarƙashinsu. Malam mai littafin bita, ka rubuta bayanin da Hausarka, ka ce daga allon wuri kaza ka samo, ai ma zai fi shiga kunnen alhazanmu. Alhaji mai kalanda, ka yi amfani da hoton dutsen ko masallacin, ka bar allo mai zane da tambarin hukuma, in kuma shi kake so, ka rubuta wa hukumar da sunanta ke jiki ka nemi izini. Hoton da ka tsinta a intanet kuwa, kada ka yanke sunan da ke gefensa. Abin da aka yi wa Sayyid Abdulgaffar ke nan, bai kamata mu maimaita shi ba.

A gaida mutanen gida, manya da yara, a kuma sa mu cikin addu'a kamar yadda muke sa ku. Sai wasiƙa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Wassalam.