Neman aikin jinya na farko a Nijar

Ma'aikacin jinya shi ne wanda ya koyi kula da maras lafiya: yin allura, ɗaura ruwa, wanke ciwo, auna zafin jiki da bugun jini, da ba da magani bisa ƙa'ida. A Nijar ana koyon wannan aiki a makarantun kiwon lafiya na gwamnati, wato ENSP ta Yamai da ta Damagaram, da kuma makarantu masu zaman kansu. Mai takardar BEPC yana yin shekara 3 ya fito ƙaramin ma'aikacin lafiya, wanda ake kira ASB. Mai takardar BAC shi ma shekara 3 yake yi, ya fito da lisans.

Samun takarda ba shi ne samun aiki ba. Kowace shekara makarantu suna yaye ɗalibai masu yawa, amma gwamnati ba ta ɗaukar ma'aikata sai lokaci zuwa lokaci. Ƙungiyoyin agaji da asibitoci masu zaman kansu kuwa sukan nemi wanda ya riga ya yi aikin shekara 1 ko 2. Nan ne sabon ma'aikaci yake cijewa: ba a ɗaukarsa don bai taɓa aiki ba, kuma bai taɓa aiki ba don ba a ɗauke shi ba. Wasu sukan shekara biyu ko uku a haka, iyayen da suka sayar da hatsi ko dabba suka biya kuɗin makaranta suna zuba ido.

Hanyar da aka fi bi ita ce aikin sa kai a likitar unguwa ko ta ƙauye, wadda ake kira CSI, ko a asibitin gunduma. Babu albashi, amma hannu ba ya mantuwa, kuma manya suna ganin aikin mutum. Sai dai akwai abin lura. Mai ɗaukar ma'aikata ba ya aiki da labarin baki, takarda yake dubawa. Saboda haka kafin a fara, a rubuta takardar neman izini zuwa ga babban likitan gunduma. Idan an yi wata 3 ko 6, a nemi takardar shaidar aiki mai sa hannu da hatimi, wadda ta faɗi ranar farawa, ranar gamawa da sashen da aka zauna. Wanda ya yi shekara biyu yana kwana a ɗakin haihuwa ba tare da wannan takarda ba, ranar ajiye dosiye daidai yake da wanda ya kwana a gida. Ya kamata kuma mutum ya sa wa kansa wa'adi, don aikin kyauta da ba shi da iyaka yakan cinye ƙuruciya.

Damina ita ce lokacin da ƙofa ta fi buɗewa. Daga Yuli zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna ƙaruwa ga yara, musamman a jahohin Maraɗi, Damagaram da Tawa. Cibiyoyin kula da tamowa, CRENI da CRENAS, sukan cika, a nemi ƙarin hannu na ƴan watanni. Tun 2013 ake raba wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓi a waɗannan watanni, ga kuma zagayen rigakafin shan inna. Kwantaragin wata 3 ƙarami ne, amma shi ma aiki ne da ake rubutawa.

Masu neman aiki sun taru a manyan birane, alhali likitocin karkara ne suke da ƙarancin ma'aikata. Wanda ya yarda ya zauna nesa da kwalta, ya kuma iya harshen mutanen wurin, ya fi saurin samun gurbi. Ga mace, wannan magana ce da za a daidaita da miji ko iyaye tun kafin a ajiye takardu, ba bayan suna ya fito ba.

Dosiye ya zauna a shirye kullum, don sanarwa takan zo da gajeren wa'adi. A ciki akwai takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, kofin takardar makaranta da aka buga wa hatimi a ma'aikatar magajin gari, da taƙaitaccen tarihin karatu da aiki. A tarihin nan a rubuta duk horon da aka yi a asibiti lokacin karatu, da wuri da tsawonsa. Takardar shaidar rashin laifi ta gidan shari'a wata 3 kawai take aiki, sai a riƙa sabunta ta. A yi rajista a hukumar samar da aiki, ANPE, a karɓi kati, a riƙa duba allon sanarwarta da na ofishin kiwon lafiya na jaha.

Dogon jira yakan jefa mutum cikin tarko biyu. Akwai masu cewa a ba su kuɗi su samo gurbi. Aikin gaskiya ba a sayensa, kuma kuɗin ba ya dawowa. Akwai kuma buɗe ɗakin allura a gida ba da izini ba. Doka ta hana, kuma idan aka yi kuskure a jikin yaro, babu likita a kusa da zai gyara.