Gindin Waƙa da Labarin Rayuwa

Tun kafin marubutan Hausa su fara buga tarihin rayuwarsu, makaɗan fada na ƙasar Zamfara sun san amfanin komawa inda aka faro. Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, haifaffen Ɗankadu ta ƙasar Bakura, wanda ya rasu a 1991, yana cikinsu. Haka Sa'idu Faru, makaɗin Muhammadu Macciɗo, Sarkin Kudun da ya riƙi Talata Mafara tun da daɗewa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996.

Da gindi waƙarsu take farawa. Daga nan makaɗi ya riƙa zubo ɗiya: asalin sarki, yaƙe-yaƙen kakanninsa, zambo ga 'yan'uba masu hangen gadon sarauta, har da labarin kansa da dokin da aka ba shi. Bayan kowane ɗa, 'yan amshi su koma gindi, kuma galibi da shi ake rufewa. Kalmomin ba su sāke ba, amma abin da aka ji da farko a matsayin yabo kawai, a ƙarshe ya zama hukunci bayan an saurari shaidu.

A ganina, nan ne masu rubuta labarin kansu suke tuntuɓe. Sai marubuci ya buɗe da zauren mahaifinsa, ya rufe da shi, alhali bai ɗora wa zauren komai ba a tsakani. Maimaici ne kurum. Ɗanƙwairo kuwa sai da ya daɗe yana amshi a bayan yayansa Abdu Kurna, yana riƙe gindin waƙar wani, kafin ya ja ƙungiyarsa.