Illar Sa'a Guda: Tahƙiƙi kan Saɓanin Lasifikar Tashin Asuba a Gidajen Bantama, Kumasi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dalilan da ke sa lasifikar nan mai amsa umarni, wadda wasu Musulmin Bantama ke dogara da ita wajen tashin sahur da sallar asuba, ta riƙa saɓa wa lokaci. Ta kafa hujja cewa mafi hatsarin saɓanin daga saitin shiyyar lokaci yake fitowa, kuma gyaran da jama'a suka saba yi masa yana haifar da ɓarna ta biyu.

Gabatarwa da Bitar Ra'ayoyi

Tun da Amazon ya fito da Echo a 2014, Google kuma ya bi sahu a 2016, irin waɗannan na'urori suka fara shigowa Gana, galibi a matsayin tsarabar 'yan uwa mazauna Ingila da Amurka, ko kuwa cikin kayan gwanjo. Ra'ayin da ya yi rinjaye a bakin masu gyaran waya na Adum da Kejetia shi ne, duk lasifikar da ta ƙi tada mai ita, to wutar lantarki ce sanadi. Kuma ba za a zarge su ba, domin wanda ya rayu cikin dumsor, wato yawan ɗaukewar wuta, daga 2012 zuwa 2016 yana da uzurin ɗora wa wuta kowane laifi. Sai dai wannan ra'ayi, duk da ƙarfinsa, ya gaza bayyana lasifikar da ke kuka kowace safiya, wuta na nan, amma a lokacin da ba nata ba. Masu ɗora laifin a kan intanet sun fi kusa da gaskiya, musamman bayan yankewar wayoyin ƙarƙashin teku na WACS da SAT-3 da ACE da MainOne ranar 14 ga Maris 2024, amma su ma mas'alar ta kuɓuce musu.

Hanyar Bincike

An duba saitin na'urori a wasu gidajen Bantama da izinin masu su, aka gwada su da cire wuta da yanke intanet, sannan aka gwama ranakun da aka ce saɓanin ya fara da kalandar sauyin agogo ta Turai.

Sakamako

Kowace illa tana da alamarta. Idan wuta ta ɗauke, lasifikar ta yi shiru, tunda yawancinsu ba su da batir. Idan intanet ta yanke, ƙararrawar da aka saita kai tsaye takan buga da sautinta na asali, amma jerin umarnin da aka tsara don sako karatun Alƙur'ani ko kiran salla yakan tsaya, domin manyan kwamfutocin kamfani da ke ƙetare ne ke zartar da shi.

Illa ta uku, wato ta shiyyar lokaci, ita ce abin da ya wajaba a tsaya a kanta. Gana, wadda layin Girinwic ya ratsa ta Tema, tana kan lokaci ɗaya duk shekara, alhali Ingila, da take daidai da ita daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, takan tura agogonta gaba da sa'a guda a Lahadin ƙarshe ta Maris, ta mayar da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Saboda haka lasifikar da ɗa ya saita a Landan, ya aiko wa mahaifiyarsa ba tare da sauya adireshin da ke cikin manhajar ba, za ta yi watanni biyar tana faɗin gaskiya har a amince da ita, sannan wata safiya ta buga ƙarfe huɗu alhali ƙarfe uku ne a Kumasi. A Ramadanin 1445 hakan ya faɗo ranar 31 ga Maris 2024, daidai shigar goman ƙarshe, kwana 17 bayan yankewar wayoyin teku, wanda ya sa aka haɗa illolin biyu aka ɗauke su abu guda.

Tashi da wuri ba ya ɓata azumi, amma yana iya ɓata salla. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, sun halatta kiran asuba a sudusin ƙarshe na dare domin tada masu barci, amma babu wanda ya halatta ita sallar kafin hudowar alfijir na gaskiya. Kuma tsohuwa ko majinyaci da ke salla a ɗaki, ya ji kiran salla daga na'urar da ke kusa da matashinsa, ba shi da dalilin yin shakka. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne gyaran da ake yi: a wani gida an tarar an matsar da ƙararrawar daga huɗu zuwa biyar, aka liƙa 'yar takarda a jikin lasifikar cewa kada yara su taɓa, aka zauna lafiya har 27 ga Oktoba, ranar da Ingila ta mayar da agogonta baya, lasifikar ta koma bugawa a makare da sa'a guda. Magani na haƙiƙa shi ne a shiga manhajar a mayar da wurin na'urar Kumasi, shiyyar lokacinta kuma Akra, a goge tsofaffin umarni a sake su. Na'urar da aka saita a Kano ko Legas kuwa tana gaba da sa'a guda duk shekara, don haka asirinta kan tonu tun ranar farko.

Iyakokin Bincike

Wajibi ne a ambata cewa gidajen da aka duba ba su wakiltar dukan Zangon Kumasi, ranakun da masu gida suka bayar daga tuni suke, kuma kamfanoni kan sauya halin na'urorinsu ta hanyar sabunta manhaja. Haka nan ba a shiga mas'alar motsin alfijir da mintuna tsakanin watanni ba, wadda ke buƙatar nazarin masana ilmin miƙati, a gwama da jadawalin da masallatan Kumasi ke aiki da shi.