Kundin Majinyata a Kwamfuta da Tarbiyyar Ɗaliban Lafiya a Amurka, 1968–2018

Tun kafin kwamfuta ta shiga asibiti, rubuta bayanan majinyaci yana daga cikin hanyoyin da ɗalibi ke koyon likitanci. Wanda ya fito da wannan ra'ayi fili shi ne Dakta Lawrence Weed. A wata maƙala da ya wallafa a 1968, ya nuna cewa kundin da aka tsara bisa jerin matsalolin majinyaci yana bayyana yadda ɗalibi ya yi tunani, har malami ya ga inda ya kuskure. Daga nan ne rubutu mai sassa huɗu ya yaɗu: kukan majinyaci, abin da gwaji ya nuna, fahimtar likita, sai shirin magani. Weed ya ɗora tsarin a kan kwamfuta a Jami'ar Vermont da sunan PROMIS. A 1972 kuma Clement McDonald ya fara gina nasa kundin a Cibiyar Regenstrief da ke Indiyana.

Sai dai yaɗuwar na'urar ta zo wa ɗalibai da cikas. Dokar HIPAA ta 1996 ta kai ga tsaurara kare sirrin majinyata, sannan dokar HITECH ta 2009 ta ware kuɗi don asibitoci su bar takarda. Saboda tsoron shari'a da ƙa'idojin biyan kuɗin jinya, asibitoci da dama suka taƙaita wa ɗalibai damar rubutu a kundin. Ɗalibi kan iya kammala karatu alhali bai saba da aikin da zai riƙa yi kullum ba.

Gyara ya biyo ta hanyoyi biyu. Ƙarƙashin shirin da Ƙungiyar Likitocin Amurka ta ƙaddamar a 2013, Jami'ar Indiyana da Cibiyar Regenstrief suka samar da kundin koyarwa mai ɗauke da bayanan majinyata na gaskiya waɗanda aka sauya alamun shaidarsu, ta yadda kuskuren ɗalibi ba zai cutar da kowa ba. A 2018 kuma hukumar da ke kula da Medicare ta amince likita malami ya tantance rubutun ɗalibi ba tare da ya sake rubuta shi ba.

Wannan tarihi ya nuna cewa samun na'ura kaɗai bai wadatar ba. Amfanin kundin ga ɗalibi ya rataya ne a kan ba shi damar rubutu, da kuma samun malamin da zai duba ya gyara.