Adaka da Masu Ƙera Ta: Wa Ke Ɗaukar Lamuni In Ta Fashe?

A wannan fitowar za mu taɓa tarihin wani abu da ke rataye a bangon ɗaki a gidaje da dama a nan Arikya da ƙauyukan da ke kewaye da mu, wato bindigar adaka, wadda wasu ke kira bindigar toka, wasu kuma harba-ka-ruga. Rani ya kama, maharba sun fara fita, 'yan sintiri ma da ita suke kwana a bakin gonaki. Duk wanda ya manyanta a cikinmu ya san aƙalla mutum guda da ba naman daji ne ya raba shi da yatsunsa ba, bindigarsa ce ta tsage a hannunsa. In hakan ta faru sai a ce tsautsayi, ko a ce ya cika mata ɗuri. Ba kasafai ake tambayar wanda ya ƙera ta ba, balle a ji ko an gwada ta kafin a karɓi kuɗin mai ita. Alhali kuwa maganar gwajin nan tsohuwa ce ƙwarai.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga su tsare shi. Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, har igwa aka zuba masa a Zindar, ana kuma haɗa albarushi a can. Amma waɗannan kayan sarakuna ne. Bindigar talaka, ta maharbi, daga bakin teku ta taso. Turawa na ce mata Dane gun saboda mutanen Denmak da suka riƙe gidan ciniki na Christiansborg a Akra tun daga 1661 har suka sayar wa Ingila a 1850, kodayake daga baya yawancin masu wannan suna a Barmingam ta Ingila da Liyej ta Beljiyam ake ƙera su. Farfesa Joseph Inikori, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi lissafin cewa tsakanin 1750 da 1807 ana shigo da bindiga 283,000 zuwa 394,000 kowace shekara a Afirka ta Yamma. Mafi yawansu da bayi aka musanya su, Allah Ya kyauta.

Mu nan ɓangaren, kogi ne ya kawo mana su. Bayan da jiragen Turawa suka fara hawa Kwara da Binuwai a tsakiyar ƙarni na 19, Nupe ta fara cin moriyar abin, domin Etsu Masaba na Bida ya riƙe cinikin bindiga da albarushi ƙam, ba ya son su wuce arewa sai da saninsa. Daga baya Loko, a bakin Binuwai cikin ƙasar Nasarawa, ta zama babbar kasuwar hauren giwa, hanya kuma ta tashi daga can ta bi Nasarawa da Keffi ta nufi Zariya da Kano. Fatake irin kakanninmu ne ke bin wannan hanyar, kuma maharban giwa Hausawa da adaka suke harba sango, mashin nan mai dafi da ake zurawa ta bakin bindiga. Ku duba fa, mutum ne gaban giwa, harbi ɗaya gare shi, ransa kuma yana hannun wani maƙeri da ke wata ƙasa, wanda bai taɓa jin sunansa ba.

To a can inda ake ƙera su, sun daɗe da sanin bututun bindiga na iya ɓoye aibi wanda ido ba ya gani. A Landan ƙungiyar maƙeran bindiga ta sami izinin sarki na gwada bindigogi tun 1637. A Liyej an wajabta gwaji a 1672. Barmingam ta sami nata gidan gwajin da dokar majalisa a 1813, kuma yana nan yana aiki har gobe. Yadda ake yi shi ne, maƙeri ya kai bututunsa wannan gidan, wanda ba nasa ba ne, ba kuma shi ke biyan ma'aikatansa albashi ba. A ɗura masa albarushi fiye da wanda maharbi zai taɓa sawa, a jera su a wani ɗaki mai kaurin bango, a rufe ƙofa, a kunna daga waje. Wanda ya tsage ya tafi ke nan, asarar maƙeri ce. Wanda ya kumbura ko ya yi tsaga, a mayar. Wanda ya tsira kaɗai ake buga wa hatimi a gindi. Na Liyej haruffa ne uku, ELG, cikin da'ira mai siffar ƙwai, kuma wanda ke da tsohuwar bindigar gado a gida ya goge tsatsar gindin bututun ya duba, mai yiwuwa ya gan shi. A ƙarƙashin dokar 1868 laifi ne a Ingila mutum ya sayar da bindigar da ba ta da hatimin gwaji.

Abin da ya ba mu sha'awa a nan, mu da muke kasuwa, shi ne ba su yarda mai kaya ya zama shi ne mai shaidar kayansa ba. Kamar dai awon hatsi ne: mudun da mai sayarwa ya ƙera wa kansa ba mudu ba ne.

Amma kayan da ake yi domin Afirka, nan ne aka fi cin amana. Kafin a tsaurara doka, akwai masu arha da ake naɗa su da mafi munin ƙarfe, gwajinsu bai wuce a cika su da ruwa a ga ko suna yoyo ba. Ba mu muka ƙaga ba, wani maƙerin bindiga Bature, William Greener, ya rubuta littafi a 1835 yana tir da wannan irin aikin na 'yan'uwansa. Dillalan bakin teku ba wawaye ba ne, sukan duba su mayar da abin da bai yi musu ba, kowane yanki kuma da irin tsawo da launin ƙotar da yake so. Sai dai mu mun san halin kaya: abin da dillali na farko ya ƙi ba a zubar da shi, gaba ake turawa. Kafin bindiga ta bar jirgi, ta bi hannu huɗu ko biyar ta iso ƙasar Lafiya, babu sauran wanda za a mayar wa. Ga kuma yarjejeniyar Burasel ta 1890, wadda ta hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, ta bar musu mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Shi ya sa bindigar da Turai ta daina amfani da ita tuntuni aka ci gaba da ƙera mana ita har cikin ƙarni na 20.

Wanda ya rufa wa maharbi asiri shi ne maƙerin gida. Da gyara ya fara: kunama ta karye, ƙota ta tsage, wurin ƙanƙara ya saki. A kudu maƙeran Awka suka yi suna da wannan aikin, suna yawo gari-gari, a arewa kuma maƙeran baƙi na kowane gari suka koya. Daga gyara aka kai ga ƙira sukutum, musamman da motoci suka yawaita aka sami tsofaffin bututun ƙarfe masu kauri. A yadda muka taso muka gani, maƙeri na kirki ba ya miƙa sabuwar adaka hannu da hannu. Za a fita bayan gari da shi da mai bindiga da wani dattijo cikin maharba, a ɗaure ta jikin itace, a yi mata ɗurin da ya fi na kullum, a ja kunama da doguwar igiya daga bayan wata bishiya. Gwajin Barmingam ke nan ba ragi, sai dai babu takarda. In ta fashe, maƙeri ya sake wata, ba a ƙara masa ko kwabo.

Bayan ciniki ma ba a rabuwa. Bindiga ta yi gardama, ka ɗauka ka kai maƙera, ka zauna kusa da zuga-zugi kuna hira har a gyara, sau da yawa ba a karɓar komai. Kai ma ranar da ka yi sa'a ka aika masa da cinya. In aka yi saɓani, Sarkin Baka ya tsaya wa maharbi, Sarkin Maƙera ya kira nasa mutumin, a zauna a ƙofar mai gari. Malamai kuma ba su rasa abin faɗa ba, domin a fiƙihun Malikiyya da muka karanta a Risala, ɓoye aibin kaya haramun ne, wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi yana da zaɓin mayarwa, mai sana'a kuma yana lamunin abin da aka ba shi aiki ya ɓata. Amma gaskiya ba tsoron alƙali ne ya fi riƙe maƙeri ba. Yana sallah sahu ɗaya da wanda ya ƙera wa, 'ya'yansu makaranta ɗaya, in hannun mutumin ya dungule kullum sai ya gan shi a kasuwa.

A yi wa maƙera adalci dai, ba kowace fashewa ce laifinsu ba. Albarushi na barin dauɗa mai jan laima, bindigar da ba a wankewa tsatsa na cin ta ta ciki. Akwai masu farke harsashin zamani su juye garinsa cikin adaka, wannan kuwa ƙarfinsa ya fi abin da aka yi ta dominsa nesa ba kusa ba. Akwai wanda zai faɗi da ita laka ta toshe baki, ya tashi ya harba haka nan. Maƙerin da ya san mutanensa yakan gaya musu duk wannan tun ranar farko.

Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959, wadda har yanzu ita ce tushe, ta san da zaman adaka. Ta sa ta a rukuni na dabam da sauran bindigogi, ta kuma ce Sufeto Janar na 'yan sanda, da yardar gwamnan jiha, yana iya ba mutum izinin ƙera ta da gyara ta, a rubuta sunansa a rajista. Wanda ya yi ba izini ɗauri ne mai tsanani. To amma maƙerin ƙauye nawa ne ya taɓa ganin wannan takardar? Masana'antar makamai ta DICON da aka kafa a Kaduna a 1964 soja da 'yan sanda ta sa a gaba. Dokar ta tanadi izini da hukunci, ba ta buɗe wa maƙeri wani gida da zai kai bututunsa a gwada a buga hatimi ba. Da rashin tsaro ya tsananta, aka sami ɓata-gari masu ƙera wa 'yan fashi makamai, hukuma ta shiga kame, kuma da hujjarta. Sai dai kamen ya haɗa da na kirki, suka janye hannu ko suka ɓuya. Yau maƙeri ba zai yarda ya sa alamarsa a jikin bindiga ba, don alamar ita ce shaida a kansa. Ba zai fita bayan gari ya yi gwaji ba, don ƙarar za ta tara masa jama'a. Sai dillali ya kawo ta cikin buhu da dare, daga inda ba ya faɗa, wata ma da bututun famfo mai ɗinki aka yi ta, an shafe da baƙin fenti. Mun koma halin maharbin giwa na zamanin Loko, har ma nasa ya fi, shi wani lokaci akwai hatimi.

Kada kuma a ɗauka manyan kamfanonin duniya sun gama da wannan matsalar. Remington na Amurka, wanda aka kafa tun 1816, ya fito da bindigar farauta Model 700 a 1962, ya sayar da miliyoyi. Shekara da shekaru masu ita na ƙorafin takan tashi ba a taɓa kunama ba, an yi ta shari'a, akwai waɗanda suka rasa rai. A 2010 gidan talabijin na CNBC ya fito da takardun cikin gida da ke nuna injiniyan da ya zana kunamar, Mike Walker, ya ba da shawarar gyara tun 1948, wanda kuɗinsa bai wuce santi biyar da rabi kan kowace bindiga ba, ba a ɗauka ba. Kamfanin bai taɓa amsa cewa akwai aibi ba, amma a 2014 ya yarda da sulhu na sauya kunama kyauta ga bindigogi kusan miliyan 7 da rabi. Lokacin da kotu ta amince da sulhun a 2017, waɗanda suka nemi gyaran ba su wuce kimanin 22,000 ba. Sauran suna hannun mutanen da saƙon bai kai gare su ba, ko ya kai ba su kula ba. Kamfanin ya shiga fatara a 2018, ya sake shiga a 2020.

Mu abin da ke hannunmu kaɗan ne, amma akwai shi. Ƙungiyar maharba da ta 'yan sintiri suna da shugabanni, suna kuma zama da 'yan sanda kan maganar tsaro. A irin wannan zaman ana iya tayar da batun izinin da dokar 1959 ta ambata, a nemi sanin hanyar da maƙeri sananne, mai gida da iyali a gari, zai bi ya samu, ya rinƙa buga alamarsa da lamba a gindin kowace adaka, a rubuta sunan mai ita a littafin ƙungiya, a yi gwajin igiya da rana tsaka da sanin hukuma. Kafin nan, shugabannin maharba su duba bindigogin yaransu ɗaya bayan ɗaya tun ba a shiga daji ba, duk wadda aka ga ɗinki a jikin bututunta, ko kumburi, ko tsatsa ta ci gindinta, a cire mata kunama a ajiye.