Tsamin Kullu: Tarihin Burodi Kafin Zuwan Yis ɗin Kanti

Yaran yanzu sun tashi sun tarar ana sayen yis a kanti cikin 'yar leda, don haka da yawansu na tsammanin idan babu shi kullu ba zai tashi ba. Amma idan muka waiwayi tarihi za mu ga cewa yis ɗin kanti baƙo ne na jiya-jiya. Ɗan Adam ya shafe dubban shekaru yana gasa burodi mai laushi ba da komai ba sai gari da ruwa da haƙuri.

Burodi mafi daɗewa da masu tonon tarihi suka gano shi ne na wani wuri da ake kira Shubaika a ƙasar Jodan, wanda aka bayyana a 2018, mai kimanin shekara 14,000. Wannan bai tashi ba, shimfiɗaɗɗe ne. Mutanen Masar ta dā su ne suka shahara wajen tayar da kullu. A 1991 an tono gidajen gasa burodi kusa da dalar Giza, inda aka samu tukwanen ƙasa da ake zuba kwaɓi a gasa wa ma'aikata abincinsu. Dabarar ita ce a bar kwaɓi ya kwana ya yi tsami, a gasa, sannan a rage kaɗan a zuba cikin sabon kwaɓin gobe. Haka ake ta gadon tsamin nan daga uwa zuwa 'ya.

Ba a fahimci sirrin abin ba sai da masanin Faransa Louis Pasteur ya nuna, daga 1857, cewa wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani ke yin aikin. Iri biyu ne a cikin kullu mai tsami. Akwai yis na halitta da ke cin zaƙin gari yana fitar da iskar da ke kumbura kwaɓi, akwai kuma ƙwayoyin da ke kawo tsami, dangin waɗanda ke mai da madara kindirmo. Tsamin ne ke hana burodi saurin yin fumfuna. A 1868 gidan Fleischmann ya fara sayar da yis na masana'anta a Amurka, busasshensa kuwa ya bazu ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Duk da haka gidan burodin Boudin na birnin San Faransisko, wanda aka kafa a 1849, ya shahara da riƙe tsohon tsaminsa.

A ƙasar Hausa kuwa, harshe kansa shaida ne. Kalmar alkama daga Larabci ta zo, haka ma gurasa. Fataken Larabawa na Gadamas da Tarabulus sun daɗe da zama a Kano, har matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya same su a can a 1851, kuma ta hannun irinsu ake danganta shigowar gurasa, wadda ake mannawa a cikin tanderu. Kafin yis ya iso, iyayenmu mata sun san cewa ƙullun waina da kwaɓin funkaso sai sun kwana suke tashi, kuma idan tsami ya yi yawa a sa ruwan kanwa a kashe shi. Ilimin da Pasteur ya rubuta a littafi, su suna aiki da shi a gindin murhu.

Burodin gwangwani da muke sha da shayi ta bakin teku ya shigo. Wani mutumin Jamaika, Amos Shackleford, ya yi suna da shi a Ikko zamanin Turawa, sannan aka kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria a 1960. Tun daga nan bakinmu ya saba da fulawar alkamar da jirgin ruwa ke kawowa. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987 don a ƙarfafa noman rani a wurare irin su Kadawa, amma aka janye hanin a 1992. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, tsadar alkama ta iso har teburin mai shayi. A 2020 kuma, lokacin kullen korona, yis ya yi ƙaranci a kantunan Amurka da Ingila, sai ga jama'a sun koma wa tsohuwar hanya. Gaskiyar Bahaushe, da tsohuwar zuma ake magani.

Hanyar ba ta da wuya. A sami kwalba mai tsabta, a dama garin alkama da ruwa daidai wa daida a nauyi, a rufe sako-sako. Kullum a zubar da rabi a ƙara sabon gari da ruwa. Cikin kwana 5 zuwa 7 za a ga yana kumfa, yana ninka kansa bayan an ciyar da shi. Da bazara ya fi sauri, da hunturu sai an ajiye shi wuri mai ɗumi. A kwaɓa gari giram 500 da tsami giram 100, gishiri giram 10 da ruwa giram 350, a bar shi ya kusa ninkawa, a gasa.

Tsamin kullu ba zai sauke farashin fulawa ba, amma yana sauke wa uwargida kuɗin yis, kuma ya fi karɓar garin alkamarmu ta gida da aka niƙa da dusarta. Saboda haka ya kamata matasanmu, maza da mata, su zauna da tsofaffin da suka rage cikin masu gurasa da funkaso, su tambaye su yadda ake yi kafin zuwan leda, su rubuta. Allah Ya albarkaci abincinmu, Ya jiƙan magabatanmu, amin.